Tambayoyin da masu ɗaukar ma'aikata suka fi yi kan dokar aiki, ƙungiyar ƙwadago da kawo ma'aikaci daga waje

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta dawowa daga bakin masu kamfani, manajoji da masu ƙaramar sana'a da suka fara ɗaukar mutane aiki. Kowace ƙasa da dokarta, wannan haka yake, amma in ka duba da kyau zaka ga tushen kusan ɗaya ne, shi yasa na kawo misalai daga ƙasashe daban daban don a ga inda ake haɗuwa da inda ake rabuwa.

1. Ni da mutum biyar kacal nake da su, dokar aiki ta shafe ni kuwa?

Ta shafe ka. Tun ranar da ka ce wa wani zo ka riƙa yi min aiki ina biyanka, ka shiga ƙarƙashinta, ko kana da ofis ko baka da shi. Akwai dai wasu dokoki da sai ma'aikatanka sun kai wani adadi suke hawa kanka, misali a Amurka dokar hana wariya a wajen aiki ta 1964 daga mutum 15 take farawa, ta hutun iyali da jinya ta 1993 kuma daga mutum 50. Amma biyan albashi kan lokaci, kare lafiyar ma'aikaci da haramcin bautar da yara, a galibin ƙasashe waɗannan basa jiran ka girma.

Yawancin dokokin nan daga yarjejeniyoyin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, aka tsamo su. An kafa ta a 1919, tana da ƙasashe 187, kuma a cikinta gwamnati da masu ɗaukar aiki da ma'aikata duk suna da kujera. Yarjejeniyarta bata kama ka kai tsaye sai ƙasarka ta amince da ita ta shigar da ita dokarta, amma fa alƙalai suna leƙa ta, a Najeriya ma tun gyaran tsarin mulki na 2010 kotun ma'aikata ta ƙasa tana da ikon aiki da yarjejeniyoyin da ƙasar ta amince da su.

2. Dole ne sai an rubuta kwantiragi? Mu da baki muka yi magana kuma akwai yarda tsakaninmu.

Maganar baki ma yarjejeniya ce, kotu zata karɓe ta. Matsalar ita ce ranar da aka samu saɓani shi zai ce dubu kaza kuka yi kai ka ce ba haka bane, toh wa za a tambaya takarda? Kai, domin kai ne doka ta ɗora wa ajiye bayanai. Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba da wata uku daga fara aiki a miƙa wa ma'aikaci sharuɗɗa a rubuce, a Ingila kuwa tun Afrilun 2020 a ranar farko ake bayarwa.

Ba sai takardar ta yi shafi ashirin ba. Sunanku, irin aikin, ranar farawa, albashi da ranar biya, awannin aiki, hutu, notis ɗin rabuwa, in aikin na ƙayyadadden lokaci ne a faɗi ranar ƙarewa, shikenan. A rubuta da yaren da mutumin yake ji, ko a karanta masa gaban sheda, ya riƙe kwafinsa. Kuma ka sani ko ya sa hannu da kansa a kan abin da ya gaza mafi ƙarancin da doka ta yanke, wannan sharaɗin bashi da ƙarfi.

3. In na rubuta cewa ɗan kwangila ne mai zaman kansa, ba ma'aikaci ba, na huta da fansho da hutu?

Nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami. Kotu bata tsayawa kan sunan da ka raɗa wa mutum, yadda aikin yake gudana a zahiri take dubawa, kuma haka shawarar ILO mai lamba 198 ta 2006 ta ce a yi. Wa yake yanke masa lokacin zuwa da tashi? Kayan aikin na wa ne? Zai iya turo wani a madadinsa? Yana yi wa wasu aiki ko kai kaɗai ne abin dogaronsa? Wa yake ɗaukar asara in abu ya lalace? In amsoshin duk suna nuna kai, to ma'aikacinka ne ko me aka rubuta.

Kamfanin Uber ya gwada wannan a Ingila, ya ce direbobinsa masu zaman kansu ne, a Fabrairun 2021 kotun ƙoli ta ce a'a, tunda kamfanin ne ke yanke kuɗin mota da sharuɗɗa yana kuma sa musu ido ta manhaja, suna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi da hutu mai biya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in aka gano sai ka biya na baya gaba ɗaya, fansho, haraji, kuɗin hutu, wani lokacin har da tara.

4. A lokacin gwaji zan iya sallamar mutum ba tare da wani dogon zance ba?

Ya fi sauƙi kam, notis ɗin ma gajere ne galibi, amma sai in an rubuta lokacin gwajin a kwantiragi tun farko kuma an faɗi tsawonsa. Albashinsa cikakke ne, kuma haramtattun dalilan kora da ke tambaya ta 8 suna nan daram ko a satin farko ne. Kar kuma ka riƙa tsawaita gwajin wata bayan wata don gudun tabbatar da shi, alƙalai sun san wannan dabarar.

5. Awa nawa doka ta yarda a yi aiki, kuma hutun shekara kwana nawa ne?

Yarjejeniyar ILO ta farko ma a kan wannan take, 1919, awa 8 a rana, 48 a mako a masana'antu. Tarayyar Turai har yanzu tana kan matsakaicin awa 48 har da obataim, da hutun awa 11 a jere kowace rana. A Amurka dokar 1938 ta ce duk abin da ya haura awa 40 a mako a biya shi ninki ɗaya da rabi ga ma'aikatan da dokar ta rufe. Faransa awa 35 ne a doka, Nijar 40.

Hutun shekara shi ne ya fi bambanta. Yarjejeniyar ILO mai lamba 132 ta ce mako uku, Tarayyar Turai mako huɗu, Ingila kwana 28, dokar Najeriya kwana 6 na aiki bayan wata 12, Amurka kuwa babu dokar tarayya da ta tilasta hutu mai biya. Mafi ƙaranci kenan fa, ba laifi in ka ƙara. Abin da zan roƙe ka shi ne ka ajiye rajistar shiga da fita, don rigimar obataim kusan kullum wanda bashi da rajista ne yake shan ƙasa.

6. Ma'aikaci ya yi ɓarna ko ya makara, zan iya cirewa daga albashinsa?

Ba yadda ka ga dama ba. Yarjejeniya mai lamba 95 ta 1949 ta ce a biya albashi da kuɗin da ake kashewa a ƙasa, a kan kari, a hannun mai shi, kuma ba a cire komai sai abin da doka ko yarjejeniyar ƙungiya ko hukuncin sulhu ya yarda. Kenan haraji da fansho da rancen da ya karɓa da saninsa suna kan hanya, amma tarar da ka ƙirƙira da safe don ranka ya ɓaci bata kan hanya. In ɓarna ce a bincika, a ji ta bakinsa, a tabbatar sakacinsa ne, a wasu ƙasashen ma sai jami'in ƙwadago ya sa hannu kafin a taɓa albashin.

Akwai abin da yake ci min rai a nan, wato mai kamfanin da zai cire kuɗin fansho daga albashi ya ƙi turawa asusun ma'aikaci, ya juya shi a kasuwancinsa yana cewa in abubuwa sun daidaita zai biya. Kuɗin nan ba naka bane ko na minti ɗaya. A Najeriya dokar fansho ta 2014 ta sa mai ɗaukar aiki kashi 10 ma'aikaci kashi 8, mutum yana aiki shekara da shekaru da tunanin ana tara masa abin tsufa, sai ya je ya tarar asusu wayam, wannan zalunci ne dan Allah a daina.

7. Ma'aikaciyata ta samu juna biyu, mene ne a kaina?

Hutun haihuwa, da tabbacin zata dawo ta samu aikinta ko makamancinsa da albashi ɗaya. Yarjejeniya mai lamba 183 ta 2000 ta sa aƙalla mako 14, shida daga ciki bayan haihuwa, da kuɗin da bai gaza kashi biyu cikin uku na albashi ba, kuma ta fi son kuɗin ya fito daga asusun inshorar jama'a don kar nauyin ya sa masu kamfani su riƙa gudun ɗaukar mata. Nijar mako 14 ne, dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 da aƙalla rabin albashi ga wadda ta yi wata shida tana aiki, Amurka mako 12 ba biya. Akwai kuma lokacin shayarwa bayan ta dawo. Tilasta gwajin ciki kafin ɗauka aiki yarjejeniyar ta hana shi sai a aikin da ke da haɗari ga uwa ko jariri, kora saboda ciki kuwa duba tambaya ta gaba.

8. Kamfanina ne, ba zan iya korar wanda na ga dama ba?

Ya danganta da inda kake, amma kusan ko'ina amsar ita ce ba haka kai tsaye ba. Yarjejeniya mai lamba 158 ta 1982 ta ce sai da dalili ingantacce, kuma dalilan iri uku ne, ko mutum ya kasa aikin, ko halinsa ya munana, ko buƙatar kamfani ta canza. Ta kuma jero waɗanda ba dalili bane: shiga ƙungiyar ƙwadago, kai ƙarar mai gida, launin fata, jinsi, aure, ciki, addini, ra'ayin siyasa, asali, da rashin zuwa na ɗan lokaci saboda ciwo. Amurka ce ta fita daban, a can banda jihar Montana ana iya rabuwa ba tare da faɗin dalili ba, amma ko a can ɗin in aka gano wariya ce ko ramuwar gayya ka shiga uku.

Sai maganar notis. A dokar Najeriya kwana ɗaya ne ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya har zuwa shekara biyu, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama, in kwantiragi ya ba da fiye da haka toh shi za a bi. Ana iya biyan kuɗin notis maimakon a jira. Babban laifi kamar sata ko duka a wajen aiki yana iya kawar da notis, amma baya kawar da sauraro.

Kuma sauraron nan shi ne inda masu gaskiya suke faɗuwa a kotu. Mutum ya yi laifin da gaske, kowa ya gani, amma mai gida ya fusata ya ce fita kar ka dawo, babu takardar tuhuma, babu damar kare kai, babu gargaɗin baya a fayil, sai kotu ta ce korar bata bi hanya ba a biya shi diyya. Ka rubuta masa abin da ake zarginsa da shi, ka bashi kwanaki ya amsa, a zauna da shi ya zo da abokin aiki ko wakilin ƙungiya in yana so, a rubuta abin da aka tattauna, sannan a yanke hukunci, in da hali ba wanda aka yi rigimar da shi ne zai yanke ba. In kana tsoron zai ɓata bincike ka dakatar da shi kana biyansa albashinsa har a gama.

9. Kasuwa ta ja baya dole in rage mutane, yaya zan yi?

Wannan halas ne a doka, amma da nasa tsari. A sanar da wuri, a tattauna da ma'aikata ko ƙungiyarsu ko akwai wata mafita kamar rage awanni ko sauya wa mutum sashe, a fitar da ma'aunin zaɓe da kowa zai iya gani, a biya haƙƙin sallama. A Amurka dokar 1988 ta sa kamfani mai mutum 100 zuwa sama ya ba da sanarwar kwana 60 kafin rufe masana'anta ko sallamar jama'a da yawa. A Ingila in za a rage mutum 20 ko fiye cikin kwana 90 sai an yi shawara ta aƙalla kwana 30, in sun kai 100 kwana 45. Dokar Najeriya ta ce a sanar da ƙungiya kuma wanda ya zo ƙarshe shi zai fara tafiya, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Kar dai ka fake da rage ma'aikata don ka rabu da mutum ɗaya da kake jin haushi, sannan bayan sati biyu ka ɗauki wani a kujerarsa.

10. Na ji ma'aikatana suna shirin shiga ƙungiyar ƙwadago, in hana?

Kar ka soma. Yarjejeniyoyi masu lamba 87 ta 1948 da 98 ta 1949 suna cikin ginshiƙan yarjejeniyoyin ILO, sun ba ma'aikata, da ku masu ɗaukar aiki ma, 'yancin kafa ƙungiya ba sai an nemi izini ba. Korar jagoransu, mayar da shi wani reshe mai nisa, yi wa mutane barazanar rufe kamfani, sa sharaɗin ba shiga ƙungiya a kwantiragi, ko kafa wata ƙungiyar da kai kake juyawa daga bayan fage, duk doka ta san su kuma ta hana.

Ni a ganina ma tsoron ya yi yawa. Yarjejeniya ɗaya da aka zauna aka cimma kan albashi da hutu da hanyar kai koke ta fi maka sauƙi a kan mutum ɗari kowa yana ƙorafi a ɓoye, zaka san da wa zaka yi magana in wuta ta taso, kuma abin da aka sa wa hannu yana ɗaure su kamar yadda yake ɗaure ka.

11. In suka tafi yajin aiki fa, dole in biya su?

A ƙasashe da yawa a'a, ba aiki ba biya, dokar rigingimun ƙwadago ta Najeriya ma ta faɗi haka. Amma rashin biya daban, kora daban, wanda ya shiga yajin da ya bi ƙa'ida yana da kariya. Ƙa'idar kan haɗa da ƙoƙarin sulhu tukuna da sanarwa, misali a Afirka ta Kudu sai an kai rigimar gaban hukumar sulhu ta CCMA ko majalisar sasantawa ta wannan fannin sana'ar, sannan a ba da sanarwar awa 48. Ayyukan da rayuka suka dogara da su kamar asibiti da ruwa suna da ƙarin takunkumi. Kafin ka ɗauki kowane mataki kan masu yaji ka nemi lauyan ƙwadago a ranar, don kuskuren kwana ɗaya a nan yana jawo shari'ar shekaru.

12. Ina so in kawo ƙwararre daga wata ƙasa, daga ina zan fara?

Daga kanka zaka fara, ba daga shi ba. Izinin shiga ƙasa daban, izinin zama daban, izinin aiki daban, kuma a yawancin ƙasashe kamfani ne yake fara neman amincewar hukuma kafin baƙon ya nemi biza. A Ingila sai ka mallaki lasisin ɗaukar nauyi sannan ka ba shi takardar da zai nemi biza da ita, kuma aikin sai ya kai matakin ƙwarewa da albashin da aka ƙayyade. A Amurka bizar ƙwararrun ma'aikata ta H-1B tana da iyaka, 65,000 a shekara da ƙarin 20,000 ga masu digiri na biyu daga jami'o'in ƙasar, shekara uku ake bayarwa a sabunta zuwa shida, ga kuma L-1 ta ɗauko ma'aikaci daga reshen kamfani na waje. A Najeriya kamfani yana neman gurbin baƙi daga ma'aikatar cikin gida, sannan baƙon ya samu katin CERPAC na zama da aiki. A Nijar kwantiragin baƙo sai hukumar samar da aiki ta ANPE ta buga masa hatimi.

Tambayar da kowace hukuma take yi ɗaya ce, me yasa ba ɗan ƙasa ba? Shi yasa wasu suke so ka nuna ka tallata gurbin baka samu ba, wasu su ce ka haɗa baƙon da 'yan ƙasa da zasu koya su gaje shi, Saudiyya kuma tun 2011 take da tsarin Nitaqat da yake auna kason 'yan ƙasa a kamfani kafin a ba shi bizar baƙi. Kuɗaɗe da ma'aunin albashi suna canzawa akai akai, a shafin hukumar zaka duba na ranar, kuma ka fara da watanni kafin lokacin da kake buƙatarsa.

13. Ba zai iya shigowa da bizar ziyara ko ta kasuwanci ya fara aiki kafin takardu su fito ba?

A'a. Bizar kasuwanci ta taro ce, ganawa, duba wuri, sa hannu a yarjejeniya. Da zarar ya zauna yana yin aikin da ake biyan mutum a kai ya karya sharaɗi, ko da daga waje ake tura masa albashin. In aikin gajere ne kamar haɗa inji ko gyaransa akwai izinin aiki na wucin gadi a ƙasashe da dama, shi zaka nema. Haka 'yan ƙasashen ECOWAS, yarjejeniyar 1979 ta basu shiga ba biza har kwana 90, amma zama a yi aiki yana buƙatar katin zama.

14. In ya kawo min takardun jabu ban sani ba, laifina ne?

Abin da zai cece ka shi ne ka nuna ka duba yadda doka ta ce, kafin ko a farkon fara aiki, ka kuma ajiye kwafi da kwanan wata. A Amurka tun dokar 1986 kowane sabon ma'aikaci sai an cike masa fom ɗin I-9 na tabbatar da izinin aiki, kai ka kammala naka ɓangaren cikin kwana uku na aiki, ka ajiye shi shekara uku daga ɗauka ko shekara ɗaya daga rabuwa, duk wanda ya fi nisa. A Ingila tun Fabrairun 2024 tarar tana kaiwa fam 45,000 kan kowane mutum a karon farko, fam 60,000 in an maimaita.

Kowa zaka duba, ba wanda kamanninsa ko harshensa ya yi maka kama da baƙo kaɗai ba, in ba haka ba ka gudu daga laifin shige da fice ka faɗa na wariya. Kuma ko an gano bashi da izini, aikin da ya riga ya yi sai ka biya, dokar Tarayyar Turai ta 2009 ma tana ɗauka cewa ya yi wata uku sai in an kawo hujjar saɓanin haka.

15. Na kashe kuɗi sosai wajen kawo shi, zan iya riƙe fasfonsa ko in cire kuɗin daga albashinsa?

Fasfo kam ko kusa. Riƙe takardun mutum yana cikin alamomin aikin tilas da ILO take lissafawa, kuma yarjejeniyar hana aikin tilas tun 1930 take. Ƙasashen Larabawa na yankin Gulf ma da aka daɗe ana kuka da tsarin kafala, wato ɗaure izinin baƙo a hannun mai gidansa, sun fara sassautawa, Qatar ta soke neman izinin mai gida kafin sauya aiki a 2020, Saudiyya ta kawo nata gyaran a Maris 2021. In ka ce ajiye masa kake don kar ya ɓace, ba shi akwati mai makulli ya riƙe makullin.

Kuɗi kuma akwai waɗanda doka ta ce naka ne kai kaɗai, kamar harajin ƙwarewa da mai ɗaukar nauyi yake biya a Ingila da kuɗin horaswa na H-1B, ba a mayar da su kan ma'aikaci ta kowace hanya. Ka kuma binciki ejan ɗin da ya kawo maka shi, yarjejeniya mai lamba 181 ta 1997 ta ce kamfanonin samar da aiki kar su caji ma'aikaci, sau da yawa mutum yana isowa da bashin da zai shekara yana biya kai baka sani ba. Sauran abin da ya shafi cire kuɗi yana tambaya ta 6.

16. Baƙon ya ajiye aiki, ko na sallame shi, ko na sauya masa matsayi, akwai abin da ya rage a kaina?

Akwai. Izinin nasa a ɗaure yake da kamfaninka da kuma takamaiman aikin da aka rubuta, don haka sauya masa matsayi, rage albashi, mayar da shi wani gari, ko sayar da kamfanin ma, duk suna iya buƙatar sanar da hukuma ko sabon izini. A Ingila kwana 10 na aiki aka ba mai ɗaukar nauyi ya kai rahoton irin waɗannan canje canje game da ma'aikaci, sakaci kuma yana iya cin lasisin gaba ɗaya, wanda hakan zai taɓa duk sauran baƙin da ke ƙarƙashinka. A Amurka in ka sallami mai H-1B kafin wa'adinsa kai zaka biya kuɗin komawarsa gida, shi kuma yana da har kwana 60 ya samu wani mai ɗaukar nauyi ko ya sauya matsayi ko ya fita.

Hanyar sallamar kanta ita ce dai ta tambaya ta 8, baƙo da ɗan ƙasa duk ɗaya, sai dai shi baƙon rasa aiki yana iya zama rasa wurin zama da makarantar 'ya'yansa a lokaci guda, don haka ka gaya masa da wuri, ka biya shi haƙƙinsa kafin ya tashi, ka ba shi takardar shedar aiki da duk kwafin da sabon kamfani zai nema wajen mayar da izinin kansu.